Daga Yamai Zuwa Bahar Maliya da Kayan Nutso

Saura kwana huɗu mu tashi na loda jakunkuna a bayan mota, na nufi kasuwar Wadata, shagon wani mai shinkafa da muka saba. Sikelinsa nake so. Yaransa biyu suka kama babbar jakar suka ɗora bisa, allura ta wuce 23, ta je 31 ta tsaya. Mai shagon ya ce, "Alhaji, me ke ciki haka, ƙarfe?" Na zuge na nuna masa. Ya zaro takalmin iyo guda, ya jujjuya shi, ya lanƙwasa bakinsa ya sake, ya ce, "Wannan ai ƙafar agwagwa ce." Tun ranar haka nake kiransa, don ban ji sunan da ya fi wannan dacewa da shi ba.

Tafiyar ta mutum biyu ce, ni da maiɗakina, cikin watan Janairu. Umara za mu fara, in mun gama mu hau jirgin ruwan yawon buɗe ido daga Jidda, ya tsaya Aƙaba ta ƙasar Jodan, ya tsaya Sharm el-Sheikh ta Masar, ya maido mu Jidda. Tikitin jirgin sama ya ba kowannenmu jaka biyu masu kilo 23, da ƙaramar ta hannu. Cikin huɗun nan guda ɗaya tak aka bar wa kayan nutso. Ke nan kilo 8 ya zama dole su fita.

Ni haifaffen Tawa ne. Ruwan da na tashi na sani shi ne na rijiya da na tafki, sai na sama in Allah ya kawo damina. A Dakar, lokacin da nake karatu, na fara sa robar numfashi a baki na nutse kusa da tsibirin Ngor, kuma can na samu takardar shaidata ta CMAS, ƙungiyar masu nutso ta duniya da aka kafa a Monako a 1959. Ranar farko da na ja iska a ƙarƙashin ruwa na ji ta shiga ƙirjina daidai, sai na fahimci akwai wata duniyar Allah da ba a taɓa ba ni labarinta ba. Na dawo Yamai aiki da kayana, amma kogin Kwara ba wurin kallo ba ne. In ka nutse a gindin gadar Kennedy ko tafin hannunka ba ka gani, balle da damina da ruwan ke komawa ja kamar an dama jan ƙasa. Don haka kayan nan wata goma sha ɗaya suke yi a akwati kowace shekara, suna jiran ranarsu.

Zaman akwatin nan shi ne haɗarin farko, tun ba a je ko'ina ba. Zafin Afrilu a Yamai yana cin roba, ƙurar hunturu kuma babu kafar da ba ta shiga. Detandar, wato na'urar da ke rage ƙarfin iska, sassa biyu gare ta. Na farko, wanda ake ɗaura wa a bakin buteyi, wato tulun iskar da mai nutso ke goyawa, yana karɓar iska mai ƙarfin bar 200 ya maido ta wajen bar 10. Na biyu, wanda ke bakinka, shi ke daidaita ta da nauyin ruwan da kake ciki, ya ba ka ita lokacin da ka ja. Duk wannan aiki ƴan zobban roba ne ke riƙe da shi, wasu ba su kai ƙwayar wake ba. Wata guda kafin tafiya na roƙi wani abokina ɗan kwana-kwana ya cika mini tsohon buteyina, na shiga kwamin iyo na wani otal na gwada komai. Sai ga ƙananan kumfa suna fita a jere daga gindin tiyon ma'aunin iska. Da na kwance, zoben ya bushe ya tsage. Na canza shi da wanda nake ajiyewa, na shafa masa man silikon. Da a Aƙaba na gano haka, a bakin ruwa, ranar ta tafi ke nan.

To, komawa kan kilo 8. A nan tsakar shagon shinkafa na fitar da su, kuma ban wahala ba, don na san su. Ɗamarar dalma ce da ke taimaka wa mutum ya nutse, kilo 6, da wani tsohon tocilan mai nauyi, da riga ta biyu. Buteyin kuwa tun a gida na bar shi. Mutane da yawa in suka ji nutso, buteyi suke fara tunawa, alhali shi ne abu na ƙarshe da matafiyi zai ɗauka. Na alminiyom mai lita 11 ko 12 yakan kai kilo 14 babu komai cikinsa. Jirgin sama ba ya karɓarsa da iska, wasu ma sai an kwance bakinsa an leƙa ciki. Jiragen ruwan yawon buɗe ido kuma sun sa shi cikin jerin abubuwan da ba a hawa da su. Ko da an bar ka, wa zai cika maka shi a tsakiyar teku? Kowace cibiyar nutso a duniya tana da buteyi da dalma jibge, kuma kuɗinsu yana cikin kuɗin nutson. Ɗaukar dalma daga Yamai zuwa bakin teku daidai yake da kai gishiri Bilma.

Abin da ba na sassauci a kansa shi ne abin da ke taɓa bakina da fuskata da lissafin raina: detandar, da gilashin fuska, da agogon nutso. Gilashina an sa masa madubin da ya dace da idona, ba zan samu irinsa a haya ba. Agogon shi ke riƙe da tarihin zurfin da na kai da iskar naitirojin da jikina ya sha, kuma na san harshensa. Detandar kuwa na san ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe, na san hannun da ya yi. Waɗannan uku a jakar hannu suke tafiya, na naɗe su cikin rawanina. In babbar jaka ta yi ɓatan kai ta sauka wani gari, zan iya hayar rigar roba da jile, wato rigar da ake hura wa iska don daidaita tsayuwa cikin ruwa, da ƙafar agwagwa in shiga ruwa. Batiran lityom na ƙaramin tocilan su ma a hannu suke, haka dokar jiragen sama ta ce, kuma na cire su daga cikinsa don kada ya kunnu a jaka ya yi zafi.

Daren da za mu tashi na je sallama wurin Inna a Bukoki. Ta yi mana addu'ar Umara mai tsawo, sai a ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, na ji batun jirgin ruwa. Amma shiga ƙarƙashinsa fa? Mu ba Sarkawa ba ne." Na ce, "Inna, ba ni kaɗai nake shiga ba, kullum mutum biyu ne, kowa na duba ɗan'uwansa." Ta ce, "To, ka riƙa bisimilla kafin ka sa ƙafa." Ban taɓa faɗawa ruwa ban yi ba, amma tun daga ranar da muryarta nake yi.

A filin jirgin Diori Hamani na'urar bincike ta tsaya a kan jakar hannuna, kamar yadda na zata. Dunƙulen ƙarfe da tiyo huɗu da agogo a jiki, dole mai duba hoto ya tambaya. Na buɗe da kaina tun ba a ce ba, na ajiye takardar shaidar nutso a gefe, na sa robar a baki na nuna yadda ake ja. Jami'in ya kira abokin aikinsa suka kalla tare, suka ce in rufe, Allah ya kiyaye hanya.

A Jidda na bar jakar nutso ajiya a otal ɗin da za mu dawo mu kwana. Ba abin da za ta yi a Makka, kuma jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana da ƙa'idar girman kaya da doguwar jaka irin tawa ba ta shiga ciki. Umara ta yi kyau, alhamdulillahi, labarinta daban ne. Abu ɗaya kawai zan faɗa a nan ga mai irin wannan niyya: jirgin ruwan zai fitar da kai daga Saudiyya ya maido ka, don haka tun a Yamai ka tabbatar bizarka ta yarda da fita da sake shiga. Wannan batu ya fi duk kayan nutso cin lokacina kafin tafiya.

Ranar hawa jirgi na tsaya a tashar Jidda ina kallon ruwan, sai kakana ya faɗo mini a rai. Shi da ƙafa da jaki ya bar Adar, ya bi ta Cadi da Sudan yana aikatau a hanya, ya tsallako wannan tekun daga gaɓar Sawakin. Jikokin waɗanda suka yi irin wannan tafiya ba su koma ba suna nan har yau. Wanda ya karɓi jakunkunanmu ma, da ya ji muna magana, sai ya juyo ya ce, "Sannunku da zuwa, daga ina?" da Hausarsa mai ɗanɗanon Larabci. Shi ya gyara mini alamar da na liƙa wa jakar nutso, ya ce hannun jakar ya kamata ta zagaye, in ba haka ba za ta fita.

Tsarin kaya a jirgin ruwa ya bambanta da na sama. Ba su cika damuwa da kilo ba. Kana miƙa manyan jakunkuna a bakin tasha ɗauke da lambar ɗakinka, ba ka sake ganinsu sai an ajiye su a ƙofarka, wani lokacin sai bayan magariba. Jakunkunanmu uku suka iso, ta huɗu shiru. Sai ga ƴar takarda an zura ta ƙarƙashin ƙofa, wai in sauko ofishin tsaro. Wuƙar nutso ce. Na sa ta cikin takalmin roba tun a Yamai, jirgin sama bai ce komai ba tunda a babbar jaka take, amma jirgin ruwa gida ne na dubban mutane, ba a barin wuƙa a ɗaki. Suka karɓe ta, suka ba ni rasidi, suka ce ranar sauka in zo in amsa. Hukuncinsu daidai ne. Abin da ya dame ni shi ne shiga ruwa babu abin yanka, don igiyar fatsa da tsohuwar raga suna kama mai nutso, musamman kusa da jirgin da ya nutse. Sa'ata ɗaya, a aljihun jile ina da ƴar ƙugiyar yankan igiya, wadda rezarta ke ɓoye cikin roba. Na nuna musu ita da kaina, suka duba suka bar mini.

Ɗakin jirgi ƙarami ne. Gado, ɗan tebur, banɗaki da mutum ɗaya ke juyawa ciki, da ƴar baranda. Babbar jaka mai taya ta shige ƙarƙashin gado ta zauna can har ƙarshen tafiya. Wadda ta yi aiki ita ce jakar raga da wani tela a Bukoki ya ɗinka mini kan jikka uku. Na kai masa ragar kamun kifi mai kauri da igiyar goyo biyu, na zana masa a takarda. Ya tambaye ni, "Patoro, jaka duk huda, me za ta riƙe?" Na ce ruwa nake so ya zube. Ya yi mata ɗinki biyu-biyu a gindi, kuma har yau ko zare bai fita ba.

Mun wayi gari a Aƙaba, duwatsu jajaye a bayan gari, iska mai sanyi tana busowa daga arewa. Ban sayi nutson ta hannun jirgi ba, tun a Yamai na yi magana da wata cibiya a garin. Hakan ya fi sauƙin kuɗi, amma yana da sharaɗi mai nauyi: in ka makara, jirgi ba ya jiranka. Don haka na ce musu nutso biyu kawai, kuma ina son in ga jirgina awa biyu kafin a janye gada. Na sauko da jakar raga a baya, detandar a jakar ƙirji, hoton fasfo da katin jirgi cikin leda mai zip.

A cibiyar aka ajiye mini buteyi, sai na ga bakinsa irin na maƙalawa ne, detandar ɗina kuwa DIN ce, mai murɗawa ciki. Wannan ƴar matsala ta sha hana mutane nutso bayan sun yi tafiyar dubban kilomita. Na zaro ɗan mahaɗin tagulla da nake yawo da shi, bai kai rabin kilo ba, na murɗa, na buɗe iska a hankali ina saurare. Babu tsiyaya. Allura ta hau 200. Jagoran ya tambayi kilo nawa na dalma nake sawa, na gaya masa na Dakar, ya ƙara mini biyu. Ya yi gaskiya. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita, alhali matsakaicin teku 35 ne, kuma gwargwadon gishiri gwargwadon yadda ruwa ke tura ka sama. Ga rigar roba mai kaurin milimita 5, wadda ita ma tana ɗaga mutum. Da dalmar da na fitar a Wadata na kawo, da ba ta ma ishe ni ba.

Daga bakin gaɓa muka shiga da ƙafa, muka yi iyo kaɗan, muka saki iskar jile. Abin da muka nufa, Cedar Pride, jirgin kaya ne na Labanan da ya yi gobara a tashar Aƙaba a 1982, aka nutsar da shi da gangan a 1985 don ya zama gidan kifi, kuma Sarki Abdullah na biyu na Jodan, tun yana yarima, yana cikin waɗanda suka tsaya kan aikin. Yana kwance a gefensa na hagu, zurfinsa ya haura mita 25. Da farko inuwa kawai na gani, sai ta zama ƙarfe, sai ƙarfen ya zama lambu. Murjani mai laushi, ja da ruwan hoda, ya lulluɓe dogon sandan jirgin yana kaɗawa. Ƙananan kifaye ruwan lemo dubbai suna tsaye a kansa, in ka matso su nutse ciki gaba ɗaya, in ka ja baya su fito. Wani kifi mai ƙayoyi kamar an buɗe mafici yana rataye a inuwa bai ko motsa ba. Na duba agogo, na duba iska, na dubi abokin nutsona ya yi mini alamar lafiya. A zurfin nan nauyin da ke kanka ya ninka na bisa ƙasa sau uku da rabi, iska kuma haka take saurin ƙarewa, don haka kallo ba ya hana duba allura. Da za mu fito muka tsaya minti 3 a mita 5, kamar yadda ƙa'ida take. Nutso na biyu mai sauƙi ne, kan wata tsohuwar tankar yaƙi da aka nutsar a 1999 cikin ruwan da bai wuce mita 6 ba, rana na haska ta sarai.

Wahalar gaske bayan fitowa take. Kayan da suka tafi a bushe sun dawo sharkaf, nauyinsu ya ƙaru, suna ɗigar ruwan gishiri. Na ɗauraye su a kwamin cibiyar, na zura jakar raga cikin babbar leda baƙa kafin in hau jirgi, don ba daidai ba ne ka bi kafet ɗin mutane kana zuba. A ɗaki na mayar da banɗaki wurin wanki. Detandar na fara yi: na busar da murfin ƙura, na rufe bakin sashen farko gam, sannan na jiƙa ta a ruwan ɗumi, ina kiyaye kada yatsana ya danna maɓallin sakin iska, don in ka danna babu buteyi a jiki, ruwa zai bi tiyo ya shiga ciki. Jile na ɗura masa ruwan daɗi ta tiyonsa, na girgiza, na juye, na hura shi rabi. Gishirin da ya bushe a cikinsa yana zama ƙanƙara mai kaifi ya huda shi. Rigar roba na juya cikinta waje na rataye a marataya mai faɗi da na taho da ita, don ta jirgi siririya ce, tana karya kafaɗar riga. An hana shanya a kan dogarin baranda, iska na iya ɗauke kaya, don haka ƙafar agwagwa da takalmi a ƙasan baranda suka kwana, ɗaure da ƙafar kujera.

Maiɗakina ta shigo alwala ta tarar da riga na ɗiga a kan hanya. Ta ce, "Maigida, ina zan tsaya?" Tana da gaskiya, ɗakin namu ne mu biyu. Muka yi tsari: kafin kowace salla in kwashe kayan in zuba a ledar, in ta gama in mayar. Da haka muka ƙare makon lafiya. Ita ma ta ga rabonta na tekun, ta shiga ƙaramin jirgi mai gindin gilashi, ta dawo tana ba ni labarin kifi mai launin atamfa.

Wasu fasinjoji sun tafi Petra, tsohon birnin tarihi na Jodan, ranar da muka tsaya Aƙaba. Ni ko da lokaci ya isa ba zan bi su bayan nutso ba, don hanyar tana hawa tsaunuka sama da mita 1,000, kuma hawa tudu da naitirojin a jini ɗan'uwan hawa jirgin sama ne. Iskar na iya yin kumfa a jiki kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa.

A Sharm el-Sheikh agogo ne abin tsoro. Saudiyya da Jodan lokacinsu ɗaya, Masar kuwa da hunturu tana bayansu da awa guda, wayar hannu kuma da kanta take canzawa. Na daidaita agogon nutsona da lokacin da jirgi ya sanar, na daina duba waya. Muka je Ras Muhammad, wanda Masar ta mayar gandun da ake karewa tun 1983, inda bangon murjani ke gangarawa har ido ya gaza. Raina ya so Thistlegorm, jirgin Ingila da Jamusawa suka nutsar a watan Oktoba na 1941 da babura da motocin soja a cikinsa, wanda Jacques Cousteau, Bafaranshe mai binciken teku, ya gano bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma masu zuwa can tun asuba suke tashi, sai yamma liƙis su dawo. Bai dace da mai jirgi na jira ba. Na haƙura, kuma har yanzu yana raina.

Daren ƙarshe ake ajiye manyan jakunkuna a ƙofar ɗaki, a kwashe su kafin gari ya waye. Allah ya taimake ni akwai yini guda cur a teku tsakanin Sharm da Jidda. Yinin nan ya busar da riga, ya kuma cika mini tazarar da ake bukata kafin hawa jirgin sama: aƙalla awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya, ni kuwa 24 nake ba kaina. Takalmin roba ne kaɗai ya ƙi bushewa, na cusa masa takardu na ƙulle shi a leda. Na karɓi wuƙata da rasidina a bakin fita, na mayar da ita can ƙasan babbar jaka. A otal ɗin Jidda na rataya kowace jaka a ɗan sikelin hannu, don yanzu ga dabino, ga turare, ga jallabiyoyin yara da sallayar Inna. Jakar nutso ta nuna 22 da ɗoriya. Zamzam mai lita 5 a kwalinsa daban ya tafi.

Mun sauka Yamai hazo ya rufe gari. Washegari na cika babbar roba da ruwan famfo a tsakar gida na sake jiƙa komai yini guda, na shanya a inuwar darbejiya, na shafa wa zobba mai, na rufe detandar cikin leda biyu kafin ta koma akwati. Da yamma na kai wa Inna Zamzam da sallayarta, na buɗe mata hotunan sandan Cedar Pride. Ta matso da wayar kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, sai ta sa hannu ta taɓa tsakiyar murjani da ke wuyanta tun aurenta. Ta ce, "Ashe tsiro yake yi?" Na ce dabba ce ma, Inna, ƴan ƙanana ne suke gina shi. Ta ce in sake nuna mata daga farko.